Gorar Numfashin Kande

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya raina ƙaramin laifi ya gyara zama ya ji abin da ya sami Barmo.

A garin Yelwa, bakin kogin Kwara, aka yi shi. Sana'arsa gyaran rediyo da talabijin. Shi da yayarsa Kande su kaɗai iyayensu suka bari a duniya. Ubansu Nomau Basarke ne, gwanin nutso, irin waɗanda ake kira da gudu idan kwalekwale ya kife. Bai bar musu gona ba, bai bar musu shanu ba, doka ɗaya ya bar musu wadda Sarkawa ba sa wasa da ita: wanda ya sa mutum a ruwa, shi ke fito da shi. Ko maƙiyinka ne ya nutsa, muddin igiyarsa tana hannunka, ba ka saki.

Kande ce ta gaji huhun uban. Tana yarinya takan nutsa a bakin mashaya, ta daɗe har mata masu wanki su fara salati, sannan ta ɓullo can tsakiyar kogi tana dariya. Amma tun tana shekara goma sha uku numfashinta ya soma gajarta. Aka kai ta asibiti, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce huhu lafiya lau. Aka yi na gargajiya, aka sha sassaƙe har aka gaji. Shekara talatin abu yana cinta a hankali kamar gara a azara. Da mijinta ya rasu Barmo ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa, kuma a lokacin ba ta iya haɗa kalma huɗu sai ta tsaya ta huta.

Wata Talata da hantsi ta kira shi. Ya shigo ya durƙusa bakin tabarmarta.

"Yaya, ga ni."

"Akwatin Baba," in ji ta. Ta huta. "Gem ɗin nan." Ta sake hutawa. "Ina son... in gan shi."

Barmo ya kau da kai, domin shi ya san abin da ya sani.

Gem ɗin wani kawunsu direban tirela ya kawo musu daga Ikko suna yara. 'Yar na'ura ce mai launin toka, ana cusa mata kaset, a haɗa ta da talabijin, a riƙe hannun gem ana dannawa. A ciki akwai wani ɗan guntun mutum mai ɗorawar riga, aikinsa gudu da tsallake ramuka. Rubutun jikin kaset ɗin ba wanda ya iya karantawa a unguwar, saboda haka yara suka raɗa masa suna Ɗan Tsalle. Ƙa'idar wasan a gidansu, in ka mutu ka miƙa hannu ga ɗan'uwanka. To, Kande ba ta mutuwa. Barmo yakan zauna ya yi ta haɗiyar miyau har ƙafarsa ta yi sanyi.

A zango na uku na wasan akwai wata rijiya da kowa ke tsallakewa, don duk wanda ya faɗa ya mutu. Wata rana yatsan Kande ya zame, Ɗan Tsalle ya faɗa ciki da baya. Maimakon ya mutu, sai allon ya koma shuɗi, kiɗan ya sauya, ga shi yana iyo a cikin wani gari a ƙarƙashin ruwa wanda ba yaron unguwar da ya taɓa jin labarinsa. Kande ta yi ihu tana kiran maƙwabta su zo su gani. Barmo kuwa, ɗan shekara goma, hassada ta shaƙe shi. Ya miƙa ƙafa ta bayan teburi, ya sa babban yatsa ya fizge waya daga bango.

"An ɗauke wuta," in ji shi.

Da aka sake kunnawa allo ya ƙi nuna komai sai yayyafin toka. Kowane yaro a zamanin ya san maganin wannan: ka zare kaset, ka hura masa iska da baki, ka mayar. Kande ta hura. Ta sake hurawa. Kwana bakwai tana hurawa har jiri ya riƙa kwasarta, gem bai tashi ba. Nomau ya gaji, ya ƙwace, ya kulle a akwati. Barmo bai taɓa gaya wa kowa ba. Laifin yara ne, in ji zuciyarsa, wa zai tuna?

Ran Talatar nan dai da Kande ta nemi gem ɗin, ba yadda zai yi. Ya fasa kwaɗon akwatin, ya kawo na'urar ɗakin Kande, ya goge, ya haɗa wayoyi, ya ajiye mata hannun gem kusa da matashi. Allo ya nuna yayyafin toka kamar jiya aka bar shi. Hannunsa ya yi abin da ya saba tun yarinta. Ya zare kaset, ya kai baki, ya hura sau uku, ya mayar.

Sai ya ji ɗanɗanon laka a harshensa. Ya dubi talabijin, ya ga ruwa yana tsatsowa ta gefen gilashi yana gangarowa ƙasa. Ya miƙa hannu zai taɓa, gilashin ya buɗe kamar bakin kada ya haɗiye shi har takalmi.

Ya faɗo tim a kan wata siririyar hanya. Ya miƙe yana salati, ya duba sama ya ga gajimare a tsaye cik kamar an kafe su da ƙusa. Itatuwan wurin duk kama ɗaya, reshe ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya. Kiɗa yana tashi, ba makaɗi. Ya so ya ratse dama, jikinsa ya ƙi. Ya so ya ratse hagu, ya ƙi. Ya waiwaya, sai ga wani bango na baƙin duhu yana biye da shi yana lashe hanyar da ya baro. Can bisa kansa fitilu uku suna rataye a sarari, kowace da hoton fuskarsa a jiki.

"Innalillahi," in ji Barmo. "Cikin gem nake."

Yana cikin haka sai ga wata halitta tafe, dunƙulalliya kamar tulu, jikinta duk ƙaya, tana da ƙafafu biyu da idanu farare. Barmo ɗan mutunci ne, an hore shi cewa baƙo shi ke fara gaisuwa. Ya rusuna ya ce, "Salamu alaikum, bawan Allah. Don Allah ina ne nan?" Ya miƙa mata hannu.

Ƙayar tana taɓa shi ya ji kamar an ɗura masa ruwan ƙanƙara a cikin ɓargo. Duniya ta juye. Ya farka a daidai inda ya fara faɗowa, yana kakkarwa. Ya ɗaga kai, fitila ɗaya ta mutu, saura biyu. Nan ya gane ba kowane gari ake shiga da ladabin gida ba.

Da halittar ta sake tahowa bai tsaya gaisuwa ba. Ya daka tsalle, sai ga shi ya tashi sama tsawon giginya, shi da tumbinsa da shekarunsa arba'in. Ya dira bayanta ya zura da gudu. Ya tsallake ramuka marasa gindi. Ya wuce ƙarƙashin tsuntsaye masu sako duwatsu. Ya hau wasu katakai da ke yawo a iska ba abin da ya riƙe su, ɗaya ya narke ƙarƙashin ƙafarsa, da ƙyar ya cafki na gaba. Ya ratsa wani kogo inda harsunan wuta ke fitowa daga ƙasa bi da bi, gemunsa ya babbake gefe guda. Duk wannan bangon duhu yana bayansa, ba ya sauri, ba ya tsayawa.

A zango na uku ya iske rijiyar. A bakinta wani kwaɗo yake zaune, girmansa ya kai rumbu, fatarsa ta yi tsufa har ta yi furfura, idanunsa kamar faifai biyu.

Barmo ya tsaya nesa, ya ɓoye hannuwansa a baya, ya ce, "Ranka ya daɗe, in gaisuwa ba ta kisa a nan, ina gaisuwa."

Kwaɗon ya buɗe baki, muryarsa kamar ana buga turmi a cikin rami. "Na amsa, ya kai ɗan Adam. Ni ne Mai Tsaron Baki. Shekara talatin ba wanda ya tsaya gabana, kowa tsallake ni yake yi. Ɗan wane ne kai?"

"Barmo ne, ɗan Nomau Basarke."

"Ɗan Basarke. To, wa ke riƙe da igiyarka?"

Barmo ya sunkuyar da kai. "Babu kowa, ranka ya daɗe."

"Ka ji abin kunya. Ɗan mai nutso ya zo nutso ba mai igiya. Sau nawa ka hura a ƙofa kafin ka shigo?"

"Sau uku."

"Shi ne guzurinka. Ku 'yan Adam kuna tsammani ƙura kuke korewa. Ba ƙura ba ce. Duk iskar da aka hura a ƙofar nan tana gangarowa ƙasa, kuma da ita ake rayuwa a cikin ruwa. Taka uku ce, in ta ƙare ta ƙare."

Barmo ya tuna da Kande. Da ƙyar ya ce, "Wanda ya kwana bakwai yana hurawa fa?"

"Gani ya kori ji," in ji kwaɗon. "Juya baya ka faɗa. Mai shiga da gaba gawa ne."

Ya juya, ya rufe ido, ya saki jiki.

Ruwan ba sanyi, ba ɗumi. Ya yi ta nutsewa har haske ya koma shuɗi, kiɗa ya koma wani irin amo mai nauyi kamar ana kaɗa ƙwarya a cikin randa. Sai ga gari a ƙarƙashinsa. Gidajen da ɓawon kawa aka gina su, soraye bisa soraye, ƙofofinsu haƙarƙarin manyan kifaye. Fitilun titi ƙananan kifaye ne masu haske a ciki, a jere, ba sa motsi. Ya ga ayu yana jan amalanke, ya ga giwan ruwa da sandar dogari. Ba wanda ya kula shi.

Abin da ya tsayar masa da jini yana bakin babbar hanya. Gumaka ne a jere dama da hagu, sun fi ƙarfin ido. Kowanne ɗan guntun mutum ne, ya zama dutse, gansakuka ta rufe shi. Wani hannunsa a miƙe, wani bakinsa a buɗe, wani an kama shi tsakiyar tsalle ya daskare haka. Barmo ya matsa ya goge fuskar ɗaya. Fuskar Ɗan Tsalle ce. Ya goge ta kusa, ita ma haka.

"Kada ka taɓa matattu," wata murya ta ce.

Ya juya. Wata minjirya ce, kifin nan mai jan wuta, amma wannan tsawonta ya kai kwalekwale uku. Ta naɗe jikinta a bakin wata babbar ƙofa, gashin bakinta yana tartsatsi, ruwan da ke kewaye da ita yana tafasa.

"Ni ce Alƙaliyar Wuta," in ji ta. "Waɗannan da kake gani, kowanne wani yaro ne a wata ƙasa ya shigo da shi ruwa, wuta ta yanke, aka bar shi. An hura musu kwana ɗaya ko biyu, aka gaji, aka jefar da kaset a bola. Da iska ta ƙare suka zama abin da ka gani. Ɗaya ne tak ya rage da rai, domin wadda ta hura masa 'yar masu nutso ce, kuma ba ta hura da baki kawai ba, har da zuciya ta hura. Igiyar numfashinta tana ɗaure da shi har yau. Yana zuƙa a nan, tana raguwa a can."

Barmo ya buɗe baki, kumfa ta fita. Shekara talatin na tarin Kande suka dawo masa gaba ɗaya, da kwanan zaune, da zuwa asibiti, da ɗacin sassaƙe.

"Duk wutar da ta yanke a duniya ina jin ta a jikina," in ji minjiryar. "Ba mai wuce ƙofar nan sai ya amsa tambaya ɗaya. Ranar da aka bar mai ɗorawar riga a ruwa, me ya sami wutar gidanku?"

Ƙarya in ta daɗe a baki takan zama kamar haƙori, mai ita ba ya jin nauyinta. Kafin Barmo ya yi tunani harshensa ya riga shi. "Ɗauke ta aka yi, ranki ya daɗe."

Gashin bakinta ya taɓa goshinsa. Mai gyaran talabijin ne shi, wuta ta sha jansa, amma wannan dabam ce. Ya ga ƙasusuwan hannunsa ta cikin fata. Ya ji sanyin nan ya sake shiga ɓargonsa. Da ya farka yana gabanta a durƙushe, kuma can sama, ta cikin ruwa, fitila ɗaya ce ta rage.

"Ramin ƙarya ƙurarre ne," in ji ta. "Zan sake tambaya, ba na tambaya sau uku."

"Ni ne," in ji Barmo, yana kuka, hawayen suna bin ruwa. "Ni na fizge wayar da yatsan ƙafata. Yayata ta hana ni hannun gem, zuciyata ta yi baƙi. Wallahi ban san akwai rai a ciki ba."

"Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma kai ka ja, wata ta jiƙe. Ka faɗa wa alƙali, wannan rabin magana ne. Sauran rabin na mai haƙƙi ne, kuma ba a buɗe abin da ƙarya ta toshe sai da shi. Wuce."

Ta janye jikinta, ƙofa ta buɗe.

Ciki wani gurbi ne mai zurfi, zagaye kamar masaki. A kan kujerar farin yashi wata mace take zaune, gashinta ya bazu ya rufe rufin wurin gaba ɗaya, ƙananan kifaye suna shiga suna fita a cikinsa. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba a ganin komai sai ruwa mai juyawa. A gabanta kuwa ga shi nan tsaye, ɗan guntun mutum mai ɗorawar riga, ƙafa ɗaya a ɗage, yadda allon ya mutu ya bar shi. Rigar ta koɗe, kawa ta manne masa a kafaɗu. A wuyansa an rataya wata 'yar gora, bakinta dab da leɓensa.

Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ni ce Magajiyar Gurbi," in ji matar. "Ɗaga kanka, ɗan Nomau. Na san ubanka. Sau tara ya shigo ƙasata neman waɗanda ruwa ya ci, bai taɓa komawa hannu wofi ba. Kai me ka zo ɗauka?"

"Numfashin yayata, ranki ya daɗe."

"Ga shi can a gora. Ban sata ba, ban roƙa ba, kawo mini aka yi. Tambayi mai shan sa."

Ɗan Tsalle ya juyo da idanunsa, don su kaɗai ke motsi a jikinsa. Muryarsa siririya ce kamar ta sarewar kara.

"Ya ƙanen uwargijiyata, marhabin. Ni bawan hannu ne. Tun da aka yi ni ban taɓa ɗaga ƙafa don ra'ayin kaina ba. In an danna in tafi, in an saki in tsaya. Ta kawo ni nan, na ji hannunta ya ɓace, na ce yanzu za ta dawo. Ƙafar nan da ka gani a sama, ita nake jira ta sauke mini. Duk zuƙar da na yi a gorar nan ina jin tarinta a ciki. Na so in daina, amma ko mutuwa ba a ba ni ikonta ba."

Barmo ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Magajiya ta ce, "Dokar ubanka ita ce dokata. Kai ka bar shi a ruwa, kai za ka fitar da shi. Ran da ƙafarsa ta taka tudu, gora ta zama taka. Amma ka sani abin da ya rage a ciki bai fi maƙwarwa uku ba. Wanda duk ya sha a hanya, daga ƙirjin yayarka ya sha. Naka guzurin kuwa, biyu sun tafi tare da fitilunka."

"Toshe ta," in ji Ɗan Tsalle. "Umarni nake jira. Ka ce kada in sha, ba zan sha ba."

"Kada ka sha," in ji Barmo.

Ya ciro gorar daga wuyan Ɗan Tsalle. Ba ta da nauyi ko kaɗan, amma tana da ɗumi kamar ƙwai da aka ɗauko ƙarƙashin kaza. Magajiya ta tsinke silin gashinta ta cusa a bakin gorar ya zama marfi. Barmo ya tuɓe rigarsa, ya goya Ɗan Tsalle a baya kamar yadda mata ke goyo, ya ɗaure tam, ya rungume gora, ya doki ƙasa da ƙafa.

Yana barin gurbin kiɗa ya sauya, ya koma sauri kamar zuciyar ɓarawo. Hanyar fita ba ita ce ta shiga ba. Wani siririn rami ne mai karkace-karkace, bangonsa duk tsini. Tsage suka fito, kifayen nan masu haƙora kamar zarto, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya kauce wa na fari, ya nutse ƙarƙashin na biyu, na uku ya yage masa wando. Igiyar ruwa ta kwashe shi ta maka da bango, ya riƙe gora da hannu biyu ya bar goshinsa ya karɓi dukan. Goyon da ke bayansa ya soma nauyi. Ya shafa ƙafar Ɗan Tsalle ya ji ta fara tauri kamar dutse.

"Yi haƙuri, mun kusa," in ji Barmo, alhali bai ga alamar sama ba.

Sai ƙirjinsa ya kama wuta. Guzuri ya ƙare. Wanda bai taɓa nutsewa ba bai san yadda mutum ke zama dabba a wannan lokaci ba. Idonsa ya rufe, hannunsa da kansa ya ɗago gorar, haƙoransa suka kama marfin. Maƙwarwa ɗaya kawai, in ji zuciyarsa, ai saura biyu. A nan kunnensa ya ji wani abu daga cikin gorar, can ƙasa ƙasa. Tari ne, irin wanda yake ji ta bango kullum yana cin tuwo.

Ya saki marfin. Ya mayar da gorar ƙirjinsa ya ƙanƙame. Ƙafafunsa suka daina bugu, ya fara komawa ƙasa, fitilar ƙarshe tana lumshewa.

Kwatsam ƙafarsa ta dama ta harba da kanta. Ta hagu ta bi. Jikinsa ya miƙe ya tsinke sama kamar an fizge shi da igiya. Ba shi ke yi ba. Wani tsage ya taso, jikin Barmo ya yi ɗan bugu biyu gajeru da ɗaya dogo, ya goce ta ƙarƙashin haƙoran da tazarar gashi. Biyu gajeru, ɗaya dogo. Suna yara, Barmo ya sha zama gefen wannan salon danna gem yana haɗiyar miyau fiye da yadda zai iya tunawa.

"Hannunta ne!" Ɗan Tsalle ya yi ƙara a bayansa. "Wallahi hannunta ne! Ta dawo!"

Aka tuƙa shi ta tsakanin tsini, aka bi da shi ta wata kafa da shi kansa bai gani ba, aka harba shi sama. Ya fasa ruwa, ya tashi ya wuce bakin rijiya, ya faɗo a kan ciyawa gaban tsohon kwaɗo yana aman ruwa.

"Ashe kana da mai igiya," in ji kwaɗon.

Barmo ya kwance goyo, ya tsayar da Ɗan Tsalle. Kawa ta zube daga kafaɗunsa, ya ja iskar tudu, ƙafar nan da ta shekara talatin a sama ta sauko ta taka ƙasa. Ƙasar ta girgiza. Sararin sama ya tsage kamar gilashi.

Barmo ya faɗo a tsakar ɗakin Kande, jiƙe sharkaf, ba riga, wani ɗan kifi yana tsalle kusa da kunnensa. Rana ko tsaka ba ta kai ba. Talabijin yana hayaƙi. Kande ta jawo jiki daga tabarma har gaban allo, tana kife, hannun gem a cikin yatsunta, leɓunanta sun yi baƙi. Ƙirjinta yana motsi kaɗan kaɗan kamar na ɗan tsako.

"Yaya! Yaya, ga shi na kawo!"

Ya tallafo kanta, ya ja marfin gorar. Ya ƙi. Ya sa haƙori, ya ƙi. Ya rarumo filaya daga jakar aikinsa ya murɗa har ƙarfen ya lanƙwashe, silin gashi ɗaya ya gagare shi. Idanun Kande suka fara juyewa.

Ya ajiye filayar. Ya kai bakinsa kunnenta.

"Yaya, ki ji ni. Ran nan ba a ɗauke wuta ba. Ni na cire wayar, da yatsan ƙafata, don kin hana ni hannu. Ina kallo kika kwana bakwai kina hurawa ban ce komai ba. Ciwonki daga nan ya fito. Ni ne."

Marfin ya yi tsalle ya bugi rufi. Iska ta fito daga 'yar gorar nan, ba maƙwarwa uku ba, guguwa guda, ta ɗaga labule, ta watsar da kwanuka, tana ƙamshin kogi da goribar da yarinya ta gama ci. Ta kewaya ɗakin sau ɗaya ta shige hancin Kande.

Ƙirjinta ya ɗaga. Ya ci gaba da ɗagawa. Ta ja numfashi tun daga tafin ƙafa, ta riƙe, ta sake shi a hankali, ba tari. Ta tashi zaune da kanta. Ta dubi tafin hannunta, ta dubi gorar, sannan ta dubi ƙanenta, ta daɗe tana dubansa. Barmo ya durƙusa ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai zo.

"Da yatsan ƙafa," in ji ta a hankali.

"Da yatsan ƙafa, Yaya."

Ta cika huhunta taf, ta buɗe baki.

"BARMO! Kai Barmo, ɗan banzan yaro, baƙin mugu mai zuciyar kunama, shekara talatin ina kwana a zaune ina shan ɗacin itatuwan da ko akuya ba ta ci, kana kawo mini ruwa kana cewa sannu Yaya, ashe kai ne, ashe saboda hannun gem ne, to da ka buɗe baki ka roƙa mana, wa ya hana ka, yau sai na ga wanda zai ƙwace ka a hannuna!"

Duk wannan a numfashi ɗaya ta faɗe shi. Kaji suka watse a tsakar gida. Masu wanki a bakin kogi suka ɗago kai. Maƙwabta suka shigo a guje, wasu ba takalmi, suka tsaya cirko a bakin ƙofa baki buɗe. Ga Kande a tsaye da muciya a hannu tana ta zazzaga ba ta tsaya ta huta ba, ga Barmo a durƙushe cikin ruwa, gemu rabi a ƙone, ana dukansa yana kuka yana cewa, "Ƙara, Yaya. Don Allah ɗaga murya."